Alhaji, Lafiya Kake Gudu?

A Kano, in aka ga mai furfura yana gudu da asuba, abu uku ake kawowa a rai: ko gobara, ko haihuwa ta zo da gardama, ko an biyo shi. Ba mai tunanin lafiya yake nema. Ni ma da na yi ritaya ban yi niyyar shiga wannan sahu ba. Likita ce ta auna jinina, ta dubi tumbina, ta ce, "Baba, ko ka rage shi, ko ya rage ka."

Ladanin masallacinmu tsohon soja ne, ya haura saba'in, amma har yanzu ba ya dafa ƙasa in zai miƙe daga sujada. Shi ke horar da mu 'yan fansho bayan sallar asuba. Ba shi da usur, ba shi da agogo. Carbi yake riƙewa, duk zagayen fili ɗaya ya ja ƙwaya ɗaya, kuma mun lura in azkar ya yi masa daɗi sai lissafin ya koma farko. Kafin a fara sai ya ce a gyara niyya, jiki amana ne. In ka ce ka gaji, ya tuna maka Safa da Marwa: tsakaninsu wajen mita 450, sau bakwai, ya zama kilomita uku da ɗoriya, ga sassarfa tsakanin korayen fitilu. "Alhaji, so kake a tura ka a keke kamar buhun gero, kuma ka biya riyal?" In ka kawo maganar shekaru, ya ɗauko Fauja Singh, dattijon Indiya da ya zauna a Ingila, wanda ya kammala gudun kilomita 42 a Toronto a 2011 yana da shekara ɗari. Wani cikinmu ya taɓa cewa ai shi wannan bai san tuwon dare ba. Zagaye biyu aka ƙara masa.

Gajeren wando kuwa Malam ya haramta, tunda daga cibiya zuwa gwiwa al'aura ce. Sai na sayo kambas na gwanjo a Ƙofar Wambai, tela ya ɗinka mini wandon yadi mai zariya. Hajiya ta gan ni a ciki, ta zauna a bakin gado don dariyar ta samu wurin fita. Na ce mata sunna nake rayawa. Ashe kwanan nan aka karanta musu hadisin a Islamiyya: Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta. Ta ce, "Ka ga ita sai da ta yi jiki aka wuce ta. Kai kuwa, Alhaji, da jikin ka fara."

Gwiwa da huhu ba su ne suka fi ba ni wahala ba. Kirkin mutane ne. 'Yan sintiri sun taɓa tare ni da tocila da gora, da suka gane ni sai suka bazu cikin lungu neman wanda ya koro ni. Masu adaidaita sahu sukan rage gudu su jera da ni: "Baba, hau mana, ba sai ka biya ba. Asibiti ne?" Mai shayin bakin titi har kujera ya ware mini.

Da matasan unguwa suka shirya tseren kilomita 10, Malam ya rubuta sunana ba tare da shawara ba, ya ce ya riga ya yi istihara a madadina. Aka liƙa mini lamba a ƙirji. Da aka ce a tashi, yaran suka ɓace, ƙurar da suka bari ma ta riga ni shan kwana.

Duk da haka da na yi abin kirki, ba don hanyar ta bi ta unguwar da na girma ba. A kilomita na uku na ci karo da surukina, yayan Hajiya, zaune kan dakali. Mutum ya wuce surukinsa da gudu? Na rusuna. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya jikin mutan gida, ya muka ji da haƙurin rashin da aka yi bara. Sannan ya dubi lambar ƙirjina a tsanake ya tambaya ko wata shari'a ce. Miƙewa daga rusunon nan ya fi kilomita ukun wuya. Gaba kaɗan, wani tsohon ɗalibina ya faka mota, ya fito da 'ya'yansa huɗu ɗaya bayan ɗaya su gaishe ni a sa musu albarka. Can kuma aka fito da gawa daga wani gida. Na tsaya, na bi sahu, na sallaci mamacin da lamba a ƙirji, liman yana satar kallona.

Da na iso wurin ƙarewa an kwashe rumfa, ana loda kujeru. Malam kaɗai ya rage da carbinsa, da bokitin roba. Ashe ni na zo na biyu a rukunin dattawa. Mu biyu ne a rukunin, kuma na ɗayan shi ke riƙe da bokitina.

Na zayyana masa uzurorina, ya saurara har ƙarshe. Ya ce gaskiya ne, zumunci wajibi ne, jana'iza ma hakki ce, don haka ya samo mafita. Akwai gudun Legas da ake yi tun 2016, kilomita 42, ana bi ta kan gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12.

"A kan gadar nan ba dakali, ba suruki, ba wanda ya san ka. Ruwa ne dama da hagu."

Na ce, "Malam, adaidaita fa, tana bi ta wurin?"

Ya ce, "Rufe hanyar ake yi, Alhaji. Gyara niyya."