Masanan Jirgin Sama na Titin Zariya

Daga Gyadi-Gyadi zuwa Ƙauyen Alu, da wuya ka sami majalisar da ba ta da masaninta na jirgin sama. Abin ya ƙaru tun da gwamnatin Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi, da yawansu suka dawo da lasisi a hannu amma babu aiki. Musun da aka fi so shi ne wane ƙaramin jirgi mai inji biyu ne ya fi dacewa da shata. A ganina musun banza ne, domin mai da fasinja ne ke yanke hukunci, kuma su ne aka fi mantawa da su.

Sarkin masu mantuwar shi ne mahaddaci. Kafin mai shayi ya gama soya masa ƙwai ya riga ya zaro waya, ya goge fuskarta da hannun riga, ya soma karatu: Baron 58 kujera shida, Seneca shida, Diamond DA42 huɗu kacal, don haka a wurinsa Diamond abin wasan yara ne. Ya san gudun kowane, ya san tsawon fiffikensa, yana kiran sunayensu kamar tare suka yi makarantar allo. Ka yi masa gyara, ya ce ka bari ya kai aya. Amma ka tambaye shi inda za a sayo wa Baron mai, sai tari ya sarƙe shi. Baron da Seneca fetur na musamman suke sha, Avgas, wanda samunsa a Najeriya jidali ne, shi kuwa DA42 yana shan Jet A1, man da manyan jirage ke sha a filin Malam Aminu Kano. Ko Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 ta kuma daɗe tana koyarwa da Baron, ta sayo jiragen Diamond. Wannan shafin bai shiga haddarsa ba.

Akwai Alhajin da ke ganin farfela alamar karayar arziki ce. In ba jet ba, gara ya bi titi. Akwai mai tayin shatar jirgi kamar yana tashar Unguwa Uku, har yana tambaya ko za a ɗauki fasinja a hanya a rage masa kuɗi. Akwai kuma mu masu rubutu, da iliminmu ya tsaya a kujerar gefen taga.

Za a ce ai a Amurka da Kenya da irin waɗannan ƙananan jirage matasa ke tara awannin tashi. Gaskiya ne, amma can akwai masu hawa. A nan Alhajin da muke wa dariya shi ne kasuwar. Matashi na fitowa da awa 200 ko kusa da haka, lasisin da zai kai shi kujerar kyaftin na neman 1,500, jiragen da za su cike masa giɓin kuwa ba su da fasinja. Saura ya nemi Max Air ko Rano Air, bayan ya biya horon nau'in jirgin da zai tuƙa, da dala.

A nan dariya ke ƙarewa, domin a wannan giɓin ne dillalin aiki ke kiwo. Yana zuwa da babbar riga da ƙamshin turare, ya ce wa mahaifin yaro, “Ranka ya daɗe, ai manajan mutumina ne, a dai kawo na goro.” Mutanen da suka sayar da fili don ɗansu ya ƙaro horo, su yake yi wa wannan. Watanni na wucewa, takardar lafiyar yaron tana ƙarewa, sai an sake biya a sabunta ta, shi kuwa dillali wayarsa a kashe.