Yadda Za Ka Taɓa Layin Faifai Har Oga Ya Ce Kai Gwani Ne

Ɗan'uwa, idan babbar kwamfutar ofishinku mai Linux ta fara jan ƙafa, kada ka kuskura ka fara da awo. Awo aikin masu haƙuri ne, kai kuwa so kake ka zama gwani kafin azahar. Buɗe baƙin allon nan, ka tabbata oga na tsaye bayanka, ka leƙa /sys/block/sda/queue/scheduler. Sunaye za su fito, irin su mq-deadline da bfq da kyber da none. Ja dogon tsaki ka ce, "Wa ya bar shi a haka?" Rabin aiki ya ƙare.

Sauran rabin yana son ɗan karatu. Tsohon faifai mai juyi 7200 a minti sai ya ci milisakan 8 da ɗoriya kafin ya zagayo sau ɗaya, ga hannun karatu da sai ya yi tattaki zuwa inda bayanin yake. Idan buƙatu suka zo a warwatse, abin da zai biya a daƙiƙa bai fi ɗari da 'yan kai ba. Shi ya sa Linux ta ajiye ɗan kamasho a bakin tasha, wato scheduler ɗin nan da ka ga sunayensa: ya haɗa fasinjojin da hanyarsu ta zo ɗaya, ya jera su unguwa-unguwa, mota ta tashi a cike. Jama'a da yawa za su wuce, amma bawan Allahn da gidansu ke bayan gari zai daɗe a benci. Sana'ar duka ita ce zaɓen wanda za a bari a bencin nan. Kada oga ya ji wannan. Ce masa ƙara gudu kake yi.

Shi mq-deadline yana da ɗan tausayi. Mai karatu wa'adinsa milisakan 500 ne, mai rubutu daƙiƙa 5, kuma goma sha shida-shida yake loda su. Kai ba ruwanka da tausayi. Ɗaga yawan lodin nan, wato fifo_batch, ka ninka nr_requests, read_ahead_kb ma da ke zaune a 128 ka cilla shi sama. Lambar megabait za ta yi ƙiba a allo. In akawu ya leƙo yana kukan fayil ɗinsa ya ƙi buɗuwa, ce masa intanet ne. Kowa na yarda da wannan.

Idan ka samu tsohon littafi ya ce a saka cfq, bi shi ido rufe. Gaskiya ne Jens Axboe ya rubuta shi, kuma tun 2006 ya daɗe yana riƙe da tashar, sai dai an sallame shi tare da noop da tsohon deadline a Linux 5.0, cikin 2019. Na'ura za ta ƙi umarninka. Faɗa da ƙarfi cewa yaran yanzu sun ɓata komai.

Faifan NVMe kuwa abokin gabarka ne. Ba shi da hannu, ba ya juyi, layukansa na karɓar buƙatu suna da yawa, shi ya sa aka saba barinsa a none, wato babu ɗan kamasho sam. To ina abin alfahari a nan? Ɗora masa bfq, wanda Paolo Valente na Italiya ya ƙera, ya shiga 4.12 a 2017. Adali ne na gaske, yakan ma tsaya milisakan 8 ko mai layi zai dawo da wata buƙata, kuma a faifai mai juyi yana hana babban kwafi danne kowa. A faifai mai tsananin gudu kuwa lissafin adalcin kansa ke cin lokaci. Ba komai, sunan yana da daɗin faɗa a taro.

In oga ya nace sai an auna, kauce wa manhajar awo ta fio da direct=1, ba ta rufa asiri. Karanta fayil guda sau biyu. Na biyun daga ƙwaƙwalwar na'ura zai fito, faifai ko motsi bai yi ba, shi za ka nuna a matsayin "bayan gyara".

Ranar da aka kashe na'ura aka kunna, duk gyaranka zai goge, tunda ba ka rubuta shi a dokokin udev ba. Kada ka rubuta. In mako ya zagayo babu wanda ya lura da bambanci, ja bakinka ka yi shiru, ɗan'uwa, ka ci gaba da amsa gaisuwar gwani.