Taya Na Kuka, Manya Na Muhawara

Babu wasan da ya tsani hayaniya kamar golf. Idan ɗan wasa ya ɗaga sanda zai bugi ƙwallo, doka ce kowa ya kame bakinsa, mai tari ma sai ya haɗiye abinsa. Don haka ne 'yar motar da ke yawo da 'yan wasa a fili ta dace da wurin, musamman mai aiki da batir: ba hayaƙi, ba rugugi, sai dai a ga babban mutum yana sulalawa a kan ciyawa. To a irin wannan wuri ne tayar baya kan zaɓi ranar gasa, jama'a sun taru, ta fara kuka.

Motar ba ta rasa asali ba. Kamfanin E-Z-GO ya fara ƙera ta a garin Augusta na jihar Jojiya a Amurka a 1954, Club Car ma a yankin yake, Yamaha kuma na haɗa nasa a Newnan, duk a jiha guda. A Peachtree City, can ma a Jojiya, an shimfiɗa wa waɗannan motoci hanyoyinsu na kansu da suka haura mil 100, har 'yan sakandare da su suke zuwa makaranta. Mu kuma muna ganinsu a filayen golf na manyan birane, da filayen jirgin sama, da Haramin Makka inda ake ɗaukar tsofaffi da marasa ƙarfi, da kuma rukunin gidajen da maigida ke ganin takawa daga falo zuwa bakin get zubar da girma ne. Ko'ina ta je ƙirarta ɗaya ce, haka ma halin masu ita idan ta fara ƙara.

Matakin farko shi ne musu. Mai mota ya ji, wanda ke gefensa ya ji, yaron da ke riƙe da jakar sanduna ya ji tun makon jiya, amma ba mai cewa uffan. Direban mota ta gari yana da tsohon magani: da zarar wani abu ya fara ƙas-ƙas a ƙasa, sai ya ƙure rediyo. Ita wannan ba ta zo da wannan rahamar ba. Ba gilas, ba ƙofa, ba injin da zai rufa asiri. Abin da ya rage wa Alhaji shi ne ya ɗaga murya yana ba da labarin siyasa, ko ya waiwaya yana hararar motar da ke bayansa don a ɗauka tata ce.

Idan musu ya ƙi ci, sai a shiga mataki na biyu, wato taron masana. Mutum shida za su kewaye motar, kowa ya goya hannu a baya. Tsohon darakta zai ba da shawarar a kafa ƙaramin kwamiti ya kawo rahoto cikin mako biyu. Ɗan kasuwa zai ce batir ne, domin a wurinsa duk ciwon abin da ke aiki da lantarki batir ne. Wanda ya taɓa zama a Ingila zai girgiza kai ya ce a can ba a jin irin wannan. Wani zai ɗora laifin a kan hunturu, idan damina ce ya ɗora wa damina. Akwai kuma mai jan mutum gefe ya rage murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ka dai bincika, tun da ka ci kofin nan ba kowa ke murna ba." Daga ƙarshe mafi ƙarfin hali a cikinsu zai matso ya shuri tayar da tsinin takalmi, ya saurara, ya ce lallai akwai matsala.

Abin dariyar shi ne bayan motar golf ba wani daji ba ne. A mai batir, injin lantarkin yana ɗaure ne kai tsaye a jikin bakasul, batura shida ne galibi a ƙarƙashin kujera suke ba shi wuta mai ƙarfin bolt 36 ko 48. Daga akwatin giyar bakasul ƙarfe biyu suka fita, ɗaya hagu ɗaya dama, kowanne yana juyawa a cikin boris. A bakin kowanne akwai kwanon birki, sai taya da noti huɗu suka riƙe ta. Sifirin ne ya ɗauki nauyin jiki. Iyakar waɗanda ake zargi ke nan, kuma kowannensu da irin muryarsa.

Idan ƙarar ƙwas-ƙwas ce da ke bin juyawar taya, tana sauri idan an yi sauri, to a fara da abin da ba ya cin kuɗi: dutse ko guntun waya da ya maƙale, murfin ado da ya saki, ko notin taya da suka kwance. Wannan na ƙarshe sifana kawai yake so, amma idan aka bar shi sai ramukan da ke jikin ƙarfen tayar su buɗe, wata rana taya ta riga mai mota isa rami na tara.

Gurnani mai kauri da ke ƙaruwa da gudu, yana kuma canja murya idan an sha kwana, boris ne ya gaji. Ƙarar gogar ƙarfe da ƙarfe, wadda ke sauyawa idan an taka birki, daga cikin kwanon birki take: ko dai takalman birkin sun cinye, ko wani ƙaramin sifirin ya tsinke, ko ƙura da yashi sun cika wurin. Wannan ba abin wasa ba ne, domin akasarin motocin nan a tayoyin baya kaɗai suke da birki. Siririn kukan da ke fitowa daga tsakiya, ba daga gefe ba, akwatin giya ne ke neman mai, kuma yawancin masu shi ba su ma san ana zuba masa mai ba. Idan kuwa sai an faɗa gargada ake jin ƙiiƙ-ƙiiƙ, robobin da ke bakin sifirin ne suka mutu.

Akwai kuma ƙwal ɗin da ake ji sau ɗaya lokacin tashi ko komawa da baya. A samfura da yawa na E-Z-GO, kwanon da taya ke ɗaure a jikinsa yana da haƙora a ciki da suka shiga haƙoran ƙarfen bakasul, babban noti guda da fil ne suka danne su. Idan notin ya yi sako-sako, haƙoran sai su riƙa cin juna a hankali har su shafe. Ranar da suka ƙare, Yallaɓai zai taka totur, inji ya yi ta juyi da iya ƙarfinsa, mota kuma tana nan inda take, kamar kwamitin da aka kafa ɗazu.

Gano mai laifi ba ya ɗaukar rabin awa. A tsayar da motar a wuri mai lebur, a kashe ta a zare makulli, idan tana da makunnin jan mota a ƙarƙashin kujera a mayar da shi wajen ja. A sa waigi a tayoyin gaba, a ɗaga bayan da jak, a tokare da ƙafafun ƙarfe, domin mota mai batura ta haura kilo 400 kuma jak ba ya rantsuwa. Sai a saki birki a juya tayar da hannu a saurara. A kama ta sama da ƙasa a girgiza: idan tana rawa alhali noti a ɗaure suke, boris ne ko haƙora. A cire ta, a zare kwanon, a duba. A nan ne aikin yake tsayawa, domin duk wannan yana buƙatar mutum ya durƙusa, kuma a cikin masana shida babu wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa a wajen sallaya tun da aka yi masa ƙarin girma.

Sai a koma ga gajeriyar hanya. Wani zai kawo gwangwanin man feshi ya bi duk ramin da ya gani ya fesa, har cikin kwanon birki. Ƙara kuwa za ta ɗauke, kowa ya yaba. Birkin ma ya ɗauke tare da ita, domin takalmin birkin da ya sha mai ba ya kama komai, abin da ba za a gane ba sai a gangaren da ke fuskantar tafki. Wani kuma zai yi odar kaya daga waje ba tare da ya duba lambar jikin motar ba, wadda ita ce ke nuna samfuri da shekarar ƙira. Bayan wata guda ɗan'uwa ya sauka daga Amurka da boris ɗin Yamaha, mota kuwa Club Car ce. Za a ajiye shi a durowa a ce wata rana zai yi amfani.

Duk wannan lokaci yaron nan mai ɗaukar jaka yana tsaye a gefe. Shi ne ke tafiya a bayan motar kullum, kunnensa a saitin tayar, ya kuma san tun ranar farko cewa ta hagu ce, kuma noti ne. Sau ɗaya ya buɗe baki ya ce, "Yallaɓai, da an ɗan duba…" aka ce masa ya je ya nemo ƙwallon da ta faɗa cikin ciyawa. Da yamma, bayan manya sun shige shan shayi, shi da bakaniken kulob suka ɗaga motar suka ɗaure noti huɗu.

Washegari mota ta fito shiru. Ɗan kasuwa ya ce ai ya faɗa, cajin dare ne ya gyara ta. Mai zargin hunturu ya nuna sama ya ce a duba yadda gari ya washe. Mai rage murya ya tambaya ko an yi sadakar da ya ce. Tsohon darakta kuma ya nemi a rubuta a ajiye cewa tayar dama ta fara wani ɗan sauti, kwamiti zai zauna a kai ranar Asabar.