Farfela Mai Inci 15

Ɗan jirgina mai tashi da rimot ya iya alkafura, ya iya juyawa rub-da-ciki, amma ni burina ya ɗaga hanci sama ya tsaya cak a iska yana rataye da farfelarsa, yadda gwanayen wasan ke yi. Farfelar da ya zo da ita an rubuta mata 12x6. Wato faɗinta inci 12 ne, kuma karkatar fikafikanta kan tura ta gaba inci 6 a kowane juyi. Masu son gudu suna ƙara lambar baya. Masu son tsayuwa a sama suna ƙara ta gaba kaɗan su rage ta baya, kamar 13x4, don su sami ƙarfin ja ba tare da sun wahalar da inji ba.

Maƙwabcina mai gyaran janareta bai yarda da wannan “kaɗan” ɗin ba.

“Malam, ai ƙarfi a girma yake. Ka taɓa ganin fankar silin ta kasa?”

Na sayo 15x8. Inci 3 kawai aka ƙara a faɗi, amma nauyin juya farfela ba ya bin faɗi daki-daki, tsalle yake yi: wannan ƙarin ya fi ninka wahalar inji. Shi kuwa ɗan akwatin da ke raba wa inji wuta daga batir, ESC, an rubuta masa 40A ɓaro-ɓaro, wato iyakar wutar da zai iya ɗauka.

A filin ƙwallon unguwa farfelar ta fara shara tun kafin tashi, saboda ta fi ƙafafun jirgin tsawo. Dole maƙwabcin ya cilla shi da hannu. Kai, ya tashi! Na ɗaga hancinsa, ya tsaya ƙyam, yara suka ɗauki sowa. Can sai ga farin hayaƙi yana bin wutsiyarsa. Sowar ta ƙaru, wani dattijo a kan keke har da tafi, wai irin na faretin sojan sama ne. Ni kaɗai na san jirgin lantarki ba ya hayaƙi.

Injin ya yi tsit. Jirgin ya yo ƙasa da baya, ya dira cikin farantin wata mai awara.

Na ce, “Baiwar Allah, yi haƙuri, nawa ne na farantin?”

Ta ƙirga har da yajin da ya zube. Maƙwabcina ya ɗauki ESC ɗin da ya zama gawayi, ya sunsuna, ya girgiza kai.

“Jabu suka sayar maka, Malam. Amma ka ga dai ya tsaya. Da 16 ka sa, da har yanzu yana sama.”