Filinmu Ya Fi Naku

A Tukra, can kudancin Injamena bayan an tsallake kogin Shari, inda Jami'ar Injamena take da babban reshe, akwai wata gasar ƙwallo da ba ta buƙatar ƙwallo. Ba alƙalin wasa, ba hutun rabin lokaci. A bencin mai shayi ake buga ta, da baki. Ita ce gasar kurin filin wasa.

Wanda ya yi karatu a Zariya shi ke take wasan. Zai kurɓi shayi, ya dubi yaran da ke tayar da ƙura a tsallaken titi, ya girgiza kai. "Abokina, wannan ne fili? Mu a Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, in aka kayar da kai ba ka son tashi, don laushin ciyawa." Kafin ya ajiye kofi ɗan Ngaundere ya tare shi. A cewarsa, a Kamaru ruwan sama ne ma'aikacin fili, ba ya karɓar albashi, ba ya yajin aiki. Mutumin Yamai kuwa ba shi da ciyawar da zai kawo, sai ya kama iskar kogin Kwara, wai a Jami'ar Abdu Mumuni ɗan wasa ba ya gumi.

Amma gwarzon gasar shi ne wanda iyakar tafiyarsa Kusiri, nan kusa da Injamena. Shi wayarsa ce fasfo ɗinsa. Zai bari kowa ya gama, sannan ya ɗaga ta sama: "Ku duba filin Jami'ar Mishigan a Amurka. Mutum sama da dubu 107 yake ɗauka!" Gaskiya ya faɗa. Abin da ya ɓoye shi ne ƙwallon da ake bugawa a can kamar gwanda take, rungume ta ake yi a gudu, ƙarti na bin mutum da hular kwano. Mai shayi ya taɓa karɓar wayar, ya ƙura wa hoton ido, ya ce, "To Malam, ina ragar take?" Aka canza magana.

Wani abin lura, kowane ɗayansu "filinmu" yake cewa. Na Mishigan ma haka, har da dafa ƙirji.

Shekarun baya 'yan gida ne ke yin shiru a wannan zama. Tsohon filin Idris Mahamat Uya, mai ɗauke da sunan gwanin tsallen nan na Chadi, ya kasa cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon Afirka, har ta kai 'yan wasan ƙasa, Sao, suna karɓar baƙi a ƙasar wasu. Sai ga sabon filin Manjafa da Sin ta gina, mai kujeru dubu 30, an buɗe shi a 2025. A watan Satumba na shekarar Gana ta zo, aka tashi ɗaya da ɗaya. Washegari bakin kowa ya buɗe. Waɗanda suka je kallo sun dawo da hotuna fiye da ƙima, kuma a duk hoton sun juya wa fili baya suna murmushi. Ka tambaye su wa ya ci wa Chadi, sai a ba ka labarin fitilu.

Ranar da za ka gane masu kurin nan ita ce ranar da yaro ya bugo ƙwallo ta gangaro ƙarƙashin benci. Ɗan Zariya zai tuna da tsohon targaɗe. Ɗan Ngaundere sabon takalmi ya sa. Na Mishigan zai sunkuya ya ɗauke ta da hannu, ko ba komai shi kam ya bi dokar filinsu.

Don haka ga shawara ga masu shayin Tukra. Duk wanda ya yabi wani fili, a sa shi ya zagaya kwatankwacin girmansa sau uku da gudu kafin a zuba masa madara. Na rantse cikin mako guda za a ji su suna rige-rigen cewa filin jami'arsu bai fi tabarma biyu ba.