Sauka Daga Keken Mutane, Malam Bazazzage

Bawana na Zazzau, gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa. Ina fata ka kwana lafiya, kuma ina fata a kan gadonka ka kwana ba a kan na wani ba, don yanzu na daina yi maka shaida a kan duk abin da ya shafi wurin zama.

Ƙararka aka kawo mini. Mutanenmu masu zuwa Zariya sun dawo da magana guda: duk wanda ya kafe kekensa a ƙofar masallaci, ko gaban mai shayi, ko bakin asibiti, in ya fito zai tarar da Bazazzage a kan sirdi, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a feda, yana yi wa jama'a bayanin yadda za a gyara Najeriya. Ba gudu zai yi da keken ba, nan kam na wanke ku. Zama kawai yake yi. In mai keke ya yi gyaran murya, sai ya waiwayo da mamaki ya ce, "Au, naka ne?" To da na wa ne? Na Sarauniya Amina? Ita ma ai ganuwa aka ce ta riƙa ginawa don kowa ya san iyakarsa, ku jikokinta kuka gaji ganuwar kuka bar darasin.

Abin ya ɗaure mini kai da farko. Gari mai jami'a tun 1962, mai makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, ga Barewa, ga Alhudahuda, amma a rasa aji ɗaya da za a koyar da cewa sirdin keken wani ba bencin majalisa ba ne? Daga baya na gano bakin zaren. Mutanen da har yau ba su raba mace da namiji a magana ba, suna cewa "yarinya ya zo", ina za su iya raba nasu da na wani?

Na san amsarka tun kafin ka buɗe baki, kuma na san za ta yi tsawo. Za ka ce, me aka yi wa keken? Ƙarfe ne, ba ya jin ciwo. To gyara zama, amma a ƙasa, in karanta maka. Ku takarda kuka tara, ilimin ƙarfe sai an zo Kano.

Ƙarfen da ake kafe keke da shi an yi shi ne don ya ɗauki nauyin keken shi kaɗai, wato wajen kilo 20 in tsohon keke ne mai nauyi. Lokacin da keke yake tafiya, nauyin mahayi a kan tayoyi biyu yake sauka, kuma don haka aka ƙera shi. In kuwa an kafe shi a kan ƙarfe mai ƙafa biyu, tayar baya a sama take, ba ta taɓa ƙasa. Ka zo da ƙibarka bayan ka shafe malmala uku ka hau, duk nauyin baya ya koma kan wannan ƙarfe da notunan da suka riƙe shi. Yau ya ɗan buɗe, gobe ya lanƙwashe, jibi mai keke ya kafe abinsa ya juya baya sai ya ji rim, keke a ƙasa, madubi ya tarwatse, ƙwan da ya ɗauro a kariya ya zama wainar da ba mai ci. In mai ƙafa ɗaya ne na gefe, wannan ma ko gardama ba ya yi, nan take yake durƙusawa. Kai kuma a lokacin ka daɗe da tafiya, kana wata majalisar kana zagin gwamnati a kan rashin kula da dukiyar jama'a.

Da ma zaman ne kaɗai, da sauƙi. Hannunka ba ya zama wuri ɗaya. Sai ka kaɗa ƙararrawa ka ji ko tana da murya. Sai ka matsa burki, ka sake, ka matsa. Sai ka danna taya da babban yatsa ka yanke hukunci cewa iska ta yi kaɗan, alhali ba wanda ya tambaye ka. Sai ka juya madubi ka duba karin hularka. Sai ka mayar da feda baya da ƙafa, in sarƙa ta saki ta zame, ka tashi sumul ka bar wa bawan Allah aikin mayar da ita da farar riga. Mafi muni shi ne waɗannan kekuna na gwanjo masu giya da suka cika gari yanzu. Ita giyar keke ba ta canzawa sai sarƙa tana juyawa. Ka zauna kana murɗa ta keke na tsaye, wayar ta ja, sarƙa ba ta motsa ba. Mai shi ya hau ya taka da ƙarfi, sarƙa ta yi tsalle, ƙafarsa ta zame. In a bakin titi ne, wasan ya ƙare a nan.

Kakanninmu da suka yi zamani da doki ba su san wannan ɗabi'a ba. Mutum ya ɗaure dokinsa a turke a ƙofar gida, kowa ya zo wucewa sai dai ya tsaya ya yaba, ya ce Allah ya sa alheri, ya wuce. Ba a taɓa jin wanda ya gaji da tsayuwa ya haye dokin baƙo don ya huta ba. Ko da ladabi bai hana shi ba, kofato zai hana shi. Laifin keke ɗaya ne, ba ya harbi.

Kuma shi ma keken ya taɓa samun wannan girma, ka tambayi dattawan Tudun Wada in ka manta. A zamanin En'e har lasin ake yanka masa, in dare ya yi ba ka da fitila ɗan doka ya tare ka. Wanda ya mallaki Raleigh, ɗan asalin birnin Nottingham na Ingila, mutum ne da ake nunawa da baki. Wasu ko takardar da kamfani ya naɗe ƙarfen da ita ba sa cirewa, su ƙara masa madubi biyu da tuntaye, su goge shi safe da yamma. Daga baya Phoenix ya shigo daga Sin, Hero daga Indiya, talaka ya samu daidai aljihunsa. Ba don in yi maka gori ba, amma ka san a nan Kano aka yi masana'antar harhaɗa Raleigh, ba a Kwangilarku ta Zariya ba. Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, aka koma babur da mota, keke ya gangara hannun malamin makarantar allo, da mai kai burodi, da manomi, da ɗan makaranta. Tun daga nan darajarsa ta sauka a idon mutane, kuma tun daga nan aka fara zama a kansa.

Nan ne maganar take, bawana, kuma nan zan ɗan rage dariya. Ban taɓa jin an ce an kama ka zaune a kan motar wani Alhaji ba. In ka ga jibgegiyar mota a ƙofar gidan biki, kewaye ta kake yi har da tattare babbar riga kada ta goga. Me ya sa? Ka san akwai direba, akwai ɗan sanda, akwai kuɗin fenti da ba za ka iya biya ba. Keke kuwa ka riga ka auna mai shi tun kafin ka gan shi, ka yanke cewa ba wani ba ne, in ma ya zo iyakarsa ya yi murmushi ya jira ka gama hirarka. Sunan wannan raini, ko da ba da niyya aka yi shi ba. Alhajin nan in an ƙwarzane motarsa yana da wata a gida. Mutumin Maƙarfi da ya ɗauro rake a kekensa tun asuba, wannan keken shi ne jarinsa, shi ne motar asibitin matarsa, shi ne abin kai yara makaranta. Kuɗin da zai ba mai gyara don miƙe ƙarfen da ka lanƙwasa daga kuɗin cefane zai fito.

Ka kuma lura, zamani ya juyo. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, mutane da yawa sun jingine mota da babur sun kakkaɓe tsohon keke. A Maiduguri ma, inda aka hana hawa babur tun 2011, keke ya daɗe da zama abin hawan kowa da kowa. Saboda haka keken da ka mayar kujera yau, wataƙila na shugaban sashenku ne a wurin aiki, ko na mutumin da kake shirin zuwa neman auren 'yarsa. Ka ci gaba.

Abin kunyar ma, ku ne masu malamai. A zaurukan Juma da Kona an karanta Risala an maimaita, kuma a cikinta akwai babin da ya tattaro hukuncin aro da ajiya da tsintuwa da ƙwace. Ƙaramin almajiri ya san aro sai da yardar mai abu, kuma wanda ya yi amfani da kayan wani ba izini, in ya lalace a hannunsa ramuwa ta hau kansa. Ko dai ranar da aka yi wannan darasi kana waje a kan keken malam?

Kada ka ce na hana taɓa keken mutane ɗungurungum. Akwai taɓawar da lada ce. Iska ta kayar da keke, ka ɗaga. Mota na ja da baya za ta taka shi, ka janye. An kafe shi ya tare ƙofar shago ko hanyar shiga masallaci, ka fara cigiya da murya, "Keken wa ne nan?" In ba a amsa ba, ka matsar da shi taku biyu uku, inda mai shi zai hango da ya fito, don kada gabansa ya faɗi ya zaci an sace. In kuma an kulle tayar baya, ɗaga bayan za ka yi, kada ka tura. Ƙarfen makullin tsakanin wayoyin taya yake ratsawa, turawa ɗaya sai ka lanƙwasa su. Wannan shawara har da lafiyarka a ciki. A kasuwa, baƙon da aka gani sunkuye yana lalube a wajen makullin keke, in wani ya ƙwala ihun ɓarawo, ba a tsayawa sauraron bahasi. Kai da bayaninka ba ya ƙarewa, kafin ka gama gabatarwa an gama da kai, ni kuma a bar ni da asarar bawa.

Yara kam na yafe musu. Yaro ya ga ƙararrawa dole ya kaɗa, kuma yawancinmu a wurin mai hayar keke muka koya, muna goge wa mutane kekuna da fatan a ce mu ɗan zaga. Tsawa ɗaya ta ishe shi. Mai furfura a gemu ne ba shi da hanzari.

Na san inda za ka ɓullo. Za ka ce ai Bakano ma yana taɓa keken mutane. Yana taɓawa mana, amma dubi yadda yake yi. Zai yi sallama, ya nemi mai shi, ya ce, "Malam, nawa ka saya?" Ya ƙwanƙwasa ƙarfen ya ji ko na asali ne, ya taya, in an sallama ya biya, kafin la'asar ya sayar wa wani Bazazzage da riba. Kowa ya amfana. Kai kuwa ka zauna awa guda kyauta, ba ka saya ba, ba ka yi haya ba, ko sannu ba ka ce ba, sai ɗumin da ka bar wa sirdi.

Iyakar sassaucin da zan yi maka shi ne na al'ada. Tsakanina da kai akwai wasa, kuma wasa ya halatta maka abin da bai halatta wa bare ba. In kekena ne, ka hau, ka kaɗa ƙararrawa har ta gaji, in zo in tuɓe maka hula mu yi dariya, ba mai kai ƙara. Amma ka fara tabbatar da cewa nawa ne. Banufe da Babarbare da Bayarabe da suka zo Zariya neman ilimi ko magani ba su san da wannan yarjejeniya ba, kuma kowannensu yana da nasa abokin wasan da yake fama da shi.

Ga hukunci. Daga yau, in ka gaji da tsayuwa ka nemi benci, in babu ka shimfiɗa jarida ka zauna a ƙasa, ai kun fi kowa sayenta. In keke ya burge ka, ka kalla da ido, ka jira mai shi, ka ce, "Malam, ko zan ɗan gwada?" In ya ce a'a, ka ce madalla, kada ka kafa masa lacca. Kuɗin sharar bana kuma, in watan cika-ciki ya kama, ninki biyu za ka aiko, rabi nawa, rabi na masu gyaran keken Zariya da ka daɗe kana samar wa aiki ba su san wanda za su gode wa ba. In kana da ja, filin nan a buɗe yake mako mai zuwa, sai dai edita ya ce in gaya maka shafi ɗaya ne kacal.