Madalla da Bankunanmu, Gatan Manomi

Wajibi ne a jinjina wa bankunan ƙasar nan, domin sun yi abin da ya gagari masana yanayi. A farkon kowace shekara hukumar NiMet kan faɗi inda ruwa zai makara, inda zai ɗauke a tsakiyar damina, da inda ake fargabar ambaliya, amma duk da na'urorinta ba ta wuce ta ce hasashe ne. Banki kuwa bai san hasashe ba. Tun ranar da manomi ya dangwala yatsa a takarda, banki ya san ranar da za a biya shi da abin da za a biya, ko gona ta yi kyau ko kogi ya shafe ta. Irin wannan yaƙini, ranku ya daɗe, ba kowa ake ba wa ba.

Ku dubi yadda suka iya lokaci. Manomin masara a Saminaka ko Funtuwa yana neman kuɗin taki da iri tun watan Afrilu. Sai fayil ɗinsa ya shiga yawo daga reshe zuwa hedikwata, kwamiti ya zauna, kwamiti ya ɗage zama, kuɗi ya fito a Agusta, lokacin da masarar maƙwabcinsa ta fara goyo. Ai an kyauta masa, an hutar da shi wahalar huɗa da noman farko. Ranar biya kuma sai a sa ta daidai da kaka, sa'ad da hatsi ya cika kasuwa farashi ya faɗi ƙasa warwas. Dole ya sayar da arha ya kai wa banki. Wanda ya saye hatsin ya ɓoye har bazara ɗan kasuwa ne mai shago da takardu a birni, kuma shi banki ke buɗe wa ƙofa da fara'a. Kun ga ba a bar kowa babu aikin yi ba.

Adalcinsu ma abin a yaba ne, ba sa nuna bambanci. Fom ɗin da ake ba mai odar kaya daga China shi ake miƙa wa mai gero a Gumel. Kawo takardar mallakar fili mai sa hannun gwamna, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tsara. Gonar gado ce, shaidarta dagaci da dattawan gari? To, Allah ya ba da haƙuri. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma suka ɗora nasu a kai. Sun kyautata wa dawa zato ƙwarai da suke ganin za ta iya biyan wannan, har ta bar wa iyali na tuwo. Shi ya sa noma, wanda ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasa, bai samun ko kashi 10 cikin 100 na rancen bankuna. Kunya ce ta hana su ɗora wa manomi nauyi.

Kada a ce gwamnati ba ta yi nata ba. Tun 1977 akwai asusun lamunin rancen noma da ke ɗaukar har kashi 75 cikin 100 na bashin da aka kasa biya. A 1987 aka kawo inshorar noma. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, aka zuba masa sama da naira tiriliyan ɗaya. A daminar 2020 ruwa ya cinye shinkafar Argungu da Bagudo da Yauri, amma a Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja, aka ɗauki hotuna masu ban sha'awa. Cikin 2022 ɗin kuma ambaliya ta kashe mutane sama da 600, ta shafe gonakin kwarin Haɗejiya. Da kuɗin shirin ya ƙi dawowa sai aka ce manoma ba sa biyan bashi, aka haɗa wanda ruwa ya ci gonarsa da manomin takarda wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, aka yi musu kuɗin goro. Wannan ma daidaito ne.

Inshora fa? Ana cire kuɗinta tun kafin rance ya shiga hannu, don kada manomi ya manta. Idan ruwa ya ci gona, abu ne mai sauƙi: ya kai rahoto cikin wa'adi, ya jira jami'in da zai zo ya duba, ta hanyar da ruwan ya riga ya yanke. Kafin nan yana iya zuwa wurin mai ba-da-kaka, ya karɓi buhu ɗaya ya biya biyu. Masu wannan sana'a ya kamata su riƙa kai wa manajojin banki goron godiya duk kaka.

Amma ranku ya daɗe, manoman nan su ke ciyar da ku, kuma a kan idonmu suke sayar da shanun huɗa don biyan bashin daminar da ba su girbe komai ba. Gyaran ba gagara ya yi ba. A Indiya, idan hukuma ta tabbatar da bala'in da ya ci kashi 33 cikin 100 na amfanin gona, ƙa'idar babban bankinsu ta ba da damar a sake tsara bashin a ƙara wa manomi lokaci, kuma tun 2016 manomin hatsin damina kashi 2 cikin 100 kawai yake biya na inshora, gwamnati ta cike sauran. Muna kira ga Babban Bankin Najeriya da 'yan majalisar da suka fito daga yankunan noma su kafa irin wannan ƙa'ida a nan. A saki rance kafin ruwan shuka, a ɗaga ranar biya zuwa watanni bayan girbi, kuma duk shekarar da aka tabbatar da fari ko ambaliya, banki da kamfanin inshora su ɗauki rabonsu na asarar.